Zane a Ƙuntataccen Fili

Na daɗe ina tara abubuwan da suka burge ni a harkar zane, ko na shafukan intanet, ko na haruffa da alamomi, ko kuma na fim. Duk wanda ya tsayar da ni sai in rubuta sunansa da adireshinsa a wani kundi da na ware a kwamfutata, da niyyar in koma masa idan na sami sarari. Kwanan baya na zauna na bi kundin nan daga farko har ƙarshe, sai na tarar da abin da ban yi tsammani ba. Da yawa daga cikin shafukan da suka fi ɗaukar ido a lokacin da na adana su, masu hotuna masu motsi da kiɗa da launuka kala-kala, sun mutu murus. Wasu adireshin ne ya ɓace, wasu kuma suna nan amma babu burauzar da za ta iya buɗe abin da ke cikinsu. Waɗanda suka rage da ransu, kuma har yau nake ƙaruwa da su, kusan dukkansu ayyuka ne da aka yi cikin ƙunci, inda mai aikin ba shi da isasshen fili, ko isasshen launi, ko isasshiyar wutar lantarki, dole ta sa ya zauna ya tantance abin da ba za a iya rabuwa da shi ba.

Na farko a cikinsu shi ne littafin takarda mai gida-gida na Susan Kare, wadda ta zana alamomin kwamfutar Macintosh ta farko da kamfanin Apple ya fitar a watan Janairun 1984. Kare ta yi karatun fasahar zane har zuwa digirin digirgir, amma ba ta taɓa zana wa allon kwamfuta komai ba sa'ad da Andy Hertzfeld, abokin karatunta tun daga sakandare kuma ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar na'urar, ya jawo ta cikin aikin. Allon kwamfutar ɗigo 512 ne a kwance, 342 a tsaye, kuma kowane ɗigo ko dai baƙi ne ko fari, babu wani launi a tsakani. Kowace alama an ware mata fili mai gida 32 a kwance da 32 a tsaye, wato gida 1,024 ke nan. A takarda ta fara aikin, tana cike gidajen ɗaya bayan ɗaya kamar mai yin surfani, kuma daga irin waɗannan ƙananan filaye ne kwandon shara ya fito, da agogon hannu mai nuna cewa a dakata, da gwangwanin fenti, da 'yar kwamfuta mai murmushi da ke tarbar mutum idan ya kunna na'urar. Alamar nan mai lanƙwasa huɗu da ke kan maɓallin umarni kuwa, a cikin wani ƙamus na alamomi ta tsince ta, kuma ita ce ake kafawa a bakin hanya a ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin don nuna wurin da ya cancanci ziyara. A 2015 gidan adana zane-zanen zamani na MoMA da ke Amurka ya karɓi waɗannan takardu nata cikin taskarsa.

Ban fahimci girman wannan aiki ba sai da na gwada shi da hannuna. Na ja layi a takarda na fitar da gida 32 sau 32, na ce bari in zana almakashi. Bakin almakashin bai ba ni wahala ba, domin layi biyu ne da suka gitta juna, ko da yake layin da ya karkata a irin wannan fili ba ya tafiya sumul, sai ya riƙa hawa kamar matakala. A wurin mariƙin ne aikin ya tsaya cak. Zobe biyu nake buƙata, kowanne faɗinsa bai wuce gida bakwai ba, kuma a gida bakwai babu da'ira, sai dai wata siffa mai kusurwoyi wadda ido zai yarda ya ɗauke ta a matsayin da'ira idan an yi dabara. Na cike gida ɗaya a kusurwa, zoben ya koma akwati. Na goge shi, zoben ya tsage. Na shafe fiye da sa'a guda ina kai ɗigo ɗaya gaba ina dawo da shi baya, ina nisanta takardar daga fuskata ina ƙanƙance ido don in ga abin da mai kallo zai gani. A nan na gane cewa mai zane a irin wannan fili ba siffar abu yake kwafa ba, yana neman 'yan alamun da ƙwaƙwalwar mutum ke gane abin da su ne, ya ajiye su, ya zubar da sauran. Shigetaka Kurita ya yi irin wannan aiki a filin da ya fi wannan ƙanƙanta, gida 12 sau 12, lokacin da ya zana 'yan hotunan saƙo guda 176 na kamfanin wayar NTT DoCoMo a Japan a 1999, waɗanda suna cikin kakannin emojin da duniya ke amfani da su yau.

Wanda ya fi daɗewa a raina a fannin haruffa shi ne Matthew Carter, Baturen Ingila da ya koyi sana'ar sassaƙa harafi a jikin ƙarfe da hannu a wata tsohuwar maɗaba'a a Holan tun yana matashi, sannan ya rayu har ya zana haruffan da miliyoyin mutane ke karantawa a allo. A 1978 ya fitar da wani samfurin haruffa mai suna Bell Centennial domin littattafan lambobin tarho na kamfanin AT&T a Amurka. Matsalar da aka kawo masa ita ce, ana buga waɗannan littattafai da ƙananan haruffa ƙwarai, a kan takarda mai arha mai shan tawada, da injin da ke gudu da sauri, saboda haka tawada kan malala ta taru a kusurwoyin harafi ta toshe su, har lamba ta rikiɗe ta yi kama da wata. Carter bai nemi a sauya takarda ko a rage gudun inji ba. Sai ya yanke 'yan ramuka a kowace kusurwa inda layi biyu suka haɗu, domin idan tawadar ta malala ta faɗa cikinsu ta cike gurbin. Idan aka faɗaɗa harafin a allo, za a ga kamar gara ta ci gefensa, amma idan aka buga shi a girman da aka yi shi dominsa sai ya fito tsaf. Wato ya zana harafin ne da sanin cewa tawada ce za ta ƙarasa masa zanen, kuma wannan tunani na ɗauke shi a cikin mafi kyawun abin da na taɓa gani a wannan sana'a.

Da ya zo zana Verdana, wanda Microsoft ya fitar a 1996, sai ya sake bin irin wannan hanya ta juya aiki. Abin da aka saba shi ne a zana harafi da layukansa masu santsi, daga baya a matsa shi ya shiga cikin ɗigogin allo ko ta halin ƙaƙa. Shi kuwa da ɗigogin ya fara, ya tsara yadda kowane harafi zai zauna a allon wancan zamani mai manyan ɗigogi, sannan ya zagaye su da layi. Shi ya sa haruffan Verdana suke da faɗi, da tazara mai yalwa a tsakaninsu don kada su manne da juna, kuma aka bambanta lamba 1 da ƙaramin harafin l da babban harafin I yadda ba za a rikita su ba. Wasu masu zane suna ganin ba shi da kyan gani idan aka buga shi da girma a takarda, kuma ina jin suna da gaskiya, amma ai ba don takarda aka yi shi ba.

Sai dai ba zan ce kowane ƙunci alheri ba ne, domin akwai wanda ya cuci mutane da yawa na tsawon shekaru. Tsarin ASCII, wanda ya fara fitowa a 1963 don bai wa kowane harafi lambar da kwamfuta za ta gane shi da ita, gurbi 128 kacal gare shi, kuma haruffan Ingilishi da lambobi da alamomin rubutu da wasu umarnan sarrafa na'ura suka cinye su. Duk harshen da ke da harafin da ba ya cikin wannan jeri sai ya koma neman dabara, ko ya haƙura da rubutu gurgu. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya buɗe ƙofa ga rubuce-rubucen duniya, amma samun lamba daban, samun wanda zai zana harafin daban. Har yau nakan ga samfurin haruffa mai kyau ƙwarai, in rubuta kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, sai harafin ya fito da wata siffa ta daban da ba ta dace da 'yan'uwanta ba, ko kuma wani akwati fanko ya tsaya a gurbinsa. Wannan ne ya sa nake girmama aikin Noto, jerin haruffan da Google ya ɗauki nauyinsa tare da kamfanin Monotype da nufin kada a sake ganin wannan akwati a kowane harshe. Bambancin a nan a fili yake: ƙuncin Kare da na Carter ya matsa wa mai zane ne domin mai karatu ya huta, wannan kuwa mai karatu ya matsa wa.

A ɓangaren fim, abin da na fi komawa gare shi shi ne aikin Lotte Reiniger, Bajamushiyar da ta kammala fim ɗinta na labarin Yarima Achmed a 1926 bayan shekara uku tana aikinsa, wanda shi ne dogon fim na zane mai motsi mafi tsufa da ya rage a duniya. Daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya ta ɗebo labarin, kuma kayan aikinta almakashi ne da baƙin kwali da siraran fallayen dalma. Takan yanka kowane mutum gaɓa-gaɓa, ta haɗa gaɓoɓin da siririyar waya don su riƙa lanƙwasa, ta shimfiɗa shi a kan gilashi, fitila na haskawa daga ƙasa, kyamara na kallo daga sama. Sai ta motsa hannu ko ƙafa kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, ta sake motsawa, a sake ɗauka, haka har fim na sama da sa'a guda ya haɗu. Ba ita kaɗai ba ce, domin mijinta Carl Koch ne ke riƙe da kyamara, Walter Ruttmann kuma ya yi wasu daga cikin hotunan bango.

Abin lura shi ne, duk mutanen fim ɗin inuwa ce baƙa ƙirin. Babu ƙwayar ido da za ta nuna tsoro, babu hawaye, babu launin fuska. Duk abin da ke zuciyar mutum dole ya fito ta yadda ya sunkuyar da kai, ko yadda yatsunsa suka buɗe, ko yadda ya ɗan ja baya kafin ya miƙa hannu. Na taɓa tsayar da fim ɗin a wani wuri ina bin sa hoto bayan hoto don in ga yadda hannu ɗaya ke tashi, sai na lura ba ya tafiya da gudu ɗaya: yakan fara a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa kafin ya tsaya, yatsu kuma su biyo baya kaɗan kamar yadda hannun mai rai yake yi. Masu tsara motsin maɓallai da shafuka a manhajojin waya wannan ka'ida suke bi har gobe, sai dai su lissafi ke yi musu, ita kuwa da ɗan yatsa ta auna. Ya kamata in ƙara da cewa ba kyawun aikin kaɗai ya tsirar da shi ba, domin asalin faifan ya salwanta, kuma daga wani kwafi mai launi da aka adana a Landan aka sake farfaɗo da shi.

Kusa da wannan a kundina akwai mabuɗin fim ɗin Vertigo na 1958, wanda Saul Bass ya tsara, inda wasu zobba masu murɗewa ke fitowa daga cikin ƙwayar ido. John Whitney ne ya samar da su, da wata na'urar saita bindigar kakkaɓo jiragen sama da ta rage daga Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ya sauya mata aiki ta koma juya faifan zane daidai wa daida ba tare da kuskure ba. Kayan da ya samu ke nan a hannu, da su kuma ya yi abin da ake lissafawa cikin mafarin zane da na'ura mai lissafi a fim.

Idan aka dawo kan intanet, shafin farko da aka taɓa yi a duniya yana nan, kuma yana buɗuwa. Tim Berners-Lee ne ya yi shi a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba, aka sanar da duniya aikin a 1991, kuma a ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa. A 2013 aka maido da shafin a adireshinsa na asali. Babu hoto a cikinsa ko ɗaya, baƙin rubutu ne a kan fari, da kalmomi masu layi a ƙasa waɗanda ke kai mutum wasu shafuka. Idan ka matse tagar burauza, rubutun sai ya sake jeruwa ya bi sabon faɗin da kansa. Sai a 2010 Ethan Marcotte ya raɗa wa tsarin shafi mai bin girman allo suna, masu zane suka rungume shi a matsayin sabuwar hanya, alhali wani ɓangare na wannan hali yana cikin jinin intanet tun ranar farko, mu ne muka ɗaure shi da ma'aunai ƙayyadaddu don shafi ya yi kama da takardar mujalla. Shafukan da suka mutu a kundina kuwa, yawancinsu da Flash aka gina su, manhajar da ta ba masu zane 'yancin da ba su taɓa samu ba, aka yi abubuwa masu ban sha'awa da ita, sannan aka daina tallafa mata a ranar 31 ga Disamban 2020. Taskar Internet Archive tana ƙoƙarin raya wasu daga cikin waɗannan ayyuka ta hanyar wata manhaja mai suna Ruffle, kuma aiki ne da ya cancanci yabo, amma abin da ya tafi ya fi abin da aka ceto yawa.

Wannan magana ta taɓa ni kai tsaye. Akwai wani shafi da na taɓa tsara wa wasu mutane, na sa masa ƙaton hoto a sama, da samfurin haruffa har uku, da rubutu mai launin toka-toka wanda ya yi kyau matuƙa a babban allon da nake aiki da shi. Wata rana na ga wata dattijuwa tana ƙoƙarin buɗe shi a tsohuwar waya, a inda sabis ba shi da ƙarfi. Allon ya tsaya fari fat na tsawon lokaci, domin rubutun yana jiran haruffansa su sauko kafin ya bayyana. Da ya bayyana, ta kai yatsa za ta taɓa lambar da take nema, sai hoton ya iso ya ture komai ƙasa, yatsan ya sauka a wani wuri daban. Ta koma baya, ta sake jira, sannan ta kusanto da wayar dab da idonta saboda rubutun ya yi haske da yawa. Ba ta ce komai ba, amma ni na san abin da na gani. A daren nan na cire haruffa biyu, na rage hoton, na ware masa gurbinsa tun kafin ya sauko don kada ya sake ture rubutu, na kuma duhunta launin har ya kai ma'aunin da WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, suka gindaya wa rubutu na yau da kullum, wato bambancin haske na 4.5 da 1 tsakanin rubutu da bangonsa. Alƙaluman HTTP Archive, masu bibiyar nauyin shafukan intanet, sun nuna cewa matsakaicin shafin intanet a 'yan shekarun nan ya haura megabait 2, alhali shafin Berners-Lee 'yan kilobait ne, kuma wanda ke riƙe da tsohuwar waya shi ke ɗaukar wannan nauyi, ba wanda ya tsara shafin ba.

Abu na ƙarshe da na adana, wanda kuma ya fi kowanne sa ni tunani, shi ne shafin mujallar Low-tech Magazine mai aiki da hasken rana, wanda Kris De Decker da abokan aikinsa suka ƙaddamar a 2018. Sabar, wato na'urar da ke ɗauke da shafin, 'yar ƙaramar kwamfuta ce a wani gida a yankin Barselona ta ƙasar Sifaniya, tana samun wuta daga farantin sola da batir, ba ta haɗe da wutar gari. Saboda wutar ƙididdigaggiya ce, komai na shafin an auna shi. An riga an gina shafukan an ajiye, ba sai an harhaɗa su duk lokacin da wani ya shigo ba. Ba a sauko da wasu haruffa na musamman, da waɗanda ke cikin na'urar mai karatu ake amfani. Hotunan kuma an mayar da su 'yan launuka kaɗan da aka warwatsa ɗigo-ɗigo, dabarar da aka yi amfani da ita a zamanin allon Kare don a yaudari ido ya ga inuwa a inda babu sai baƙi da fari. Babu talla, babu manhajojin bibiyar mai karatu. Launin bangon shafin shi ne ma'aunin batir, yana nuna yawan cajin da ya rage, kuma masu shafin sun faɗa ƙarara cewa idan hadari ya daɗe a sama shafin zai ɗauke.

Na ci karo da hakan sau ɗaya a lokacin sanyin Turai. Na nemi wani rubutu da na fara karantawa, burauza ta yi ta juyi, daga bisani ta ce ba a sami sabar ba. Na duba hasashen yanayin Barselona, na ga gajimare ne ya rufe garin. Bayan kwana biyu na sake gwadawa da rana, shafin ya buɗe nan take, alamar batirin tana ƙasa-ƙasa tana hawa, na ci gaba da karatuna daga sakin layin da na tsaya.